Allah Ya Ja Zamanin Ko'odineta

Mutanenmu godiya ta yi musu ƙaranci. Zauna a teburin mai shayi a Kwanar Babaldu, ko a tashar Gwaram, ka kasa kunne. Za ka ji an yabi likitan da ya yi wa wani aiki a asibitin tarayya na Birnin Kudu, an yabi direban da bai taɓa zubar da fasinja ba, har mai tsire ana yaba yajinsa. Amma bawan Allah da ya hana idonsa barci saboda matasan karkara, shugaban shirin koyar da sana'o'i, wanda aka fi sani da Ko'odineta, ba mai ce masa ko sannu. To yau ni zan biya wannan bashi a madadin kudancin Jigawa baki ɗaya. Ba zan kama suna ba, don ba suna ɗaya gare shi ba. Wani zubin na tarayya ne, wani zubin na jiha, wani zubin yaron ɗan majalisa, wani zubin kuma ya sauko daga farar jif ta ƙungiyar agaji sanye da 'yar shara mai aljihu barkatai. Jam'iyya ta faɗi, jam'iyya ta hau, shi karin hularsa kawai yake juyawa.

Ɗan babban gida ne, ba shigege ba. Kakansa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, an kafa ta a 1986, shekara biyar kafin a yanke cibiyar Jihar Jigawa a 1991. Sai NAPEP ta Obasanjo a 2001, wadda ta rasu ta bar mana sunanta a jikin keke mai ƙafa uku. Sai SURE-P ta Jonathan a 2012, sai N-Power ta Buhari a 2016 da alawus ɗinta na naira 30,000 a wata. Kowace ta iso da kiɗa, ta yi rantsuwa cewa daga kanta zaman kashe wando ya ƙare. Duk da wannan hidima, ƙididdigar talauci ta 2019 da hukumar NBS ta fitar ta nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙarƙashin layin talauci. Mahassada suna ɗaga wannan lissafi wai shaida ce aikin bai yi ba. Ni shaidar ƙwarewa nake gani. A nuna mini ɗan kasuwar da ya yi shekara kusan arba'in a rumfa ɗaya, masu sayen hajarsa ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa.

Babbar karamarsa ita ce naɗe zamani. Kafin bayyanarsa, duhun kai ne ya rufe mu. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi garejin bakanike, ya ce, "Ga amana nan, in ya ƙi ji ka zane shi." Yaro ya shekara ba abin da yake yi sai wanke noti a gwangwanin fetur, miƙa sifana, da sayo wa oga ƙosai. Shekara ta biyu a bar shi ya kwance kafireta, oga yana tsaye a kansa. Sai ya kai inda zai ji kukan inji daga nesa ya ce ringi ne ya tafi, sannan a fara zancen yaye shi, kuma ranar da zai buɗe nasa wurin rabin masu kawo gyara sun riga sun san fuskarsa. Wajen tela ma haka: watanni yaro yana ɗinka maɓalli, yana hura gawayin dutsen guga, kafin a yarda ya sa almakashi a shaddar mutane. Dubi wannan ɓata lokaci, don Allah! Ko'odineta ya zo ya dunƙule shi duka cikin mako biyu. A cikin mako biyun ma ranar farko ta rajista ce, ta biyu ta jiran manyan baƙi su buɗe taro, Juma'a rabin yini, ranar jajibiri kuma ta koyon yadda za a jeru a karɓi satifiket. Abin da ya rage shi ake raba wa walda, ɗinki, aski, kiwon kifi da gyaran waya. Oga mai gareji har yau ko takardar shaida ɗaya ba shi da ita da zai manna a bango. Shi ya sa ba a gayyatarsa ya koyar. Ana ɗauko kwansoltan daga birni da na'urar haska bango, ya nuna wa yara hoton inji.

Wajen zaɓen sana'a ma ba ya wahalar da kowa da tambaya. Da wani mai ƙaramin tunani ne, da ya shiga kasuwar Sara ya tambayi abin da ake nema a rasa. Da ya ga buhunan riɗi da zoɓo ana lodawa ɗanye, su bar ƙasar nan zuwa Japan da Turkiyya da Meziko, can a tace, a matse, a ci ribar. Da ya bi fadama lokacin rani ya ga manomi ya ɗora injin ban ruwa a babur yana neman mai gyara, tumatirinsa na ƙuna. Da ya lura farantan sola sun fara yawa a kan rufi da bakin rijiyoyin burtsatse, masu iya haɗa su da gyara su kuwa tsiraru ne. Wannan duk aikin mai rigima ne, yana buƙatar wata da watanni, da kayan aiki masu tsada, da malami da ya iya. Ko'odineta mutum ne mai son zaman lafiya. Sai ya zaɓi sabulun ruwa.

Ai sabulun ruwa ni'ima ne. Bokiti ɗaya, muciya ɗaya, ƙullin sinadarai kala biyar ko shida, yini ɗaya an gama. Ga kumfa, ga launi kore shar, hoto ya yi kyau. Idan aka yaye mata da 'yan mata na mazaɓa guda duka a kan sabulun ruwa da man shafawa da turaren ɗaki, kowace ta koma gida ta ɗura nata a tsofaffin robobin lemo ta jera a zaure. Maƙwabciyarta ta dama tana da nata, ta hagu ma haka, kishiyarta ma tare suka yi aji. Wa zai saya? Wannan tambayar marasa tawakkali ce. Arziki na Allah ne. Abin da ido ya gani dai shi ne tsafta ta wadata, don ƙarshenta kowa da hajarta take wanke kwanukanta har jarin ya ƙare, kuma sinadarin sai an je Kano ake samo shi.

Maza kuwa ana gwangwaje su da injin walda da na aski. Masu ƙorafi za su ce ƙauyen da aka kai injin ko turken lantarki babu, inda ake da turken kuma wayar ta zama wurin hutun tsuntsaye. Za su ƙara da cewa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta ninka ta sake ninkawa, har janareto ya koma cin kuɗin askin kafin a gama askin. Gaskiya ne. Amma ku dubi alherin da ke ciki: injin da ba a kunna ba, ba ya lalacewa. Yana nan cikin ledarsa, sabo fil, darajarsa ba ta faɗi ba.

Nan ne hangen nesan mutumin ya fi burge ni, kuma sai wanda ya halarci bikin yaye ɗalibai zai gane. An kafa rumfuna a harabar sakatariya, an jera kekunan ɗinki sahu-sahu kowanne da ƙyallen jam'iyya a wuya, maroƙi yana ta wasa Yallaɓai. A kira suna, yaro ya fito cikin rigar da aka buga wa hoton mai girma, ya durƙusa, a dafa keken tare, mai hoto ya ce a ɗan ƙara matsowa. Daga nan ya kinkimi kayansa ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar, ƙarƙashin dalbejiya, dillalai suna zaune a kan babura tun hantsi, aljihu cike. Ba dogon ciniki. "Nawa ka ba ni?" "Albarka." "To kawo." Kafin la'asar keken ya kama hanyar kasuwa, yaro ya sayi kwanon masara, ya biya bashin mai kanti, ya ajiye kuɗin mota. Wa ya ce ba a koya masa kasuwanci ba? Yini ɗaya ya samu jari, ya sayar, ya rufe kamfani ba tare da bashin kowa a kansa ba. Har akwai masu rantsuwa cewa wani keken ya halarci bikin yaye fiye da ɗaya, ya san hanyar sakatariya da kansa. Idan haka ne, wannan shi ake kira tattali.

Sai batun adalci wajen rabon fom. Ko'odineta bai taɓa zaluntar wani babba ba. Ciyaman da sulot ɗinsa, kansila da nasa, shugaban jam'iyya na mazaɓa, shugabar mata, mai unguwa, da wanda ya zuba wa akwati ido ranar zaɓe. Da gwamnatin tarayya ta fito da shirin ayyuka 774,000, mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, ai kafin a yanke ciyawa ko ɗaya sai da ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, da 'yan majalisar tarayya suka yi cacar baki a bainar jama'a a 2020 kan wanda zai zaɓi mutanen. Kun ga ƙaunar talaka ke nan, har manya suna neman ba hammata iska a kansa. Birnin Kudu dubu, Gwaram dubu. Wanda ya yi sa'a ya ga alat ɗinsa cikakke ya tashi da naira 60,000, ya shiga littafin waɗanda aka sama wa aiki, kuma ba a goge suna a wannan littafi. Yaron da ke bin oga a gareji ba ya samun fom, don lokacin rabo yana ƙarƙashin mota. Laifinsa ne. Wa ya aike shi aiki ranar neman aiki?

Wasu suna mamakin yadda 'yan majalisa suka fi ƙaunar horaswa a kan gina aji ko haƙa rijiya. Ba abin mamaki. Rijiya tsegumi gare ta: tana nan a fili, kowa ya zo wucewa sai ya taɓa famfon ya ga ko da ruwa. Aji kuma rufinsa yana yayewa ya tona asiri. Ilimi kuwa a ƙirji yake, ba mai awon da zai zo da tef ya auna shi. Ko hukumar ICPC, da ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu a 2019, sai ta tarar ɓangaren tallafi da horaswa ya fi kowanne wuyar bi. A shekarar ce Shugaba Buhari ya koka cewa an ware kusan naira tiriliyan ɗaya ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma, ba a ga tasirinsu a ƙasa ba. Allah ya jiƙan Baba, ai ba a ƙasa ake dubawa ba. A rahoto ake dubawa, mai bango mai sheƙi, da hotuna masu launi.

Dole in ja kunnen masu kawo misalan da ba su dace ba. Akwai masu tuna rabon awaki da gwamnatin Badaru ta yi wa mata, wai duk dariyar da aka yi, akuya ba ta neman lantarki, ba ta shan fetur, tana haihuwa, kuma matar ƙauye ta fi kowane kwansoltan sanin kiwonta. To ai nan ne aibinta. Abin da ba ya buƙatar ɗakin taro a otal, da kuɗin shayi, da jakar mahalarta, da alawus ɗin mai gabatar da ƙasida, ta ina zai ciyar da ƙasa gaba? Akwai kuma masu cewa Aliko Dangote a kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatu, kuma da rancen jari daga kawunsa ya fara, a gidan da aka gaji saye da sayarwa, wai abin da matashi ke buƙata ke nan: jari na gaske, kasuwa, da babba mai duba shi. Ni tausayin Alhaji nake ji. Da ya samu fom a lokacinsa, da yanzu ya iya haɗa turaren ɗaki. Haka waɗanda suka zana shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa: aikinsu ya shekara ɗaruruwa bai goge ba, amma da yake ba wanda ya yaye su, ga shi ko sunan ɗayansu babu a rajista.

Su kuma ɗaliban, da an kawar da amfanin gona sai su cika mota. Legas, Fatakwal, Abuja: acaɓa, ga-ruwa, yankan farce, gadi, jari-bola. A watan Agustan 2019 jami'an Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da 'yan Jigawa 123 da babura 48, aka tsare su ana yi musu tambayoyi kamar baƙin haure. Duk sana'ar da suke zuwa yi can, babu wadda aka koya musu a aji, junansu suke koya wa a kwana biyu, kyauta. Ko'odineta bai yi fushi da wannan butulci ba. A rahotonsa ya rubuta su cikin masu dogaro da kansu, kuma bai yi ƙarya ba, don babu wanda suka dogara da shi.

Masu cewa shirin bai taɓa fitar da mutum ko ɗaya daga talauci ba, su ji tsoron Allah. Ya fitar. Ku je Dutse ku ga gidan Ko'odineta, ku ga get ɗin, ku ga sola a kan rufin, wadda aka ɗauko mai haɗawa daga Kano. Yaransa kuwa, saboda tsabar sadaukarwa, bai bari ko ɗaya ya tare wa ɗan talaka gurbi a ajin sabulu ba. Haƙuri ya ba su, ya tura su jami'a.

Yanzu an ce zamani ya juya, sana'ar dijital ake yayi, tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da 3MTT a 2023 don horas da matasa miliyan uku fasahar kwamfuta. Na tabbata mutuminmu ya riga ya sake buga kati, kuma ba da jimawa ba za a tara yaran Kila da Farin Dutse a koya musu ƙirƙirarriyar basira a kan allo da alli. Ranka ya daɗe, in fom ya fito a tuna da ni. Akwai ɗan ƙanwata da aka yaye a ɗinki, aka yaye a walda, aka yaye a kiwon kifi. Yana Legas yanzu, amma ya ce a sa sunansa, ƙaninsa zai zo ya tsaya a hoton.