Ku Gama Dariyar, 'Yan Turaki

Na san abin da za ku ce. Tun ban rufe baki ba Alhaji ya karkace hula a teburin mai shayi: "Ƙirƙirarriyar basira a Turaki? Mu da muke jiran wutar Mambila tun muna 'yan firamare?" To Alhaji, wannan ka ci. Megawat 3,050 ɗin nan har yau a takarda suke. Kuma na'urorin basirar ba su san ƙoshi ba, don a 2024 rumbunan kwamfuta sun lashe kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya.

Amma zauna, shayinka bai huce ba. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, wa ya sa mai cajin waya da mai ruwan sanyi suka ɗora sola a kan kwano? Wa'azin kare muhalli? Ina! Aljihu ne ya yi kuka. Kamfani ma haka yake, ba ya son itatuwa don Allah, sai lissafi ya nuna masa riba. Nan basirar ke da aiki: ta ƙirga man gas ɗin da janareton injin casar shinkafa ke sha a banza, ta ce a tayar da injin da rana tsaka lokacin da batir ya cika, ta hango hadarin gobe tun yau.

Sin ta gane wannan. Daga 2019 ta ware birane, Beijing da Shanghai a gaba, domin gwajin fasahar, masana'antu na samun tallafi da ƙwararru. Mu kuwa a 2024 ma'aikatar Minista Bosun Tijani ta fitar da daftarin manufa kan basirar. Na ji ki, Hajiya, daftari ba ya dafa tuwo.

Abin haushin, Sin ɗin ce ta saye madobiyarmu, wadda kuke ce wa madrid, tirela bayan tirela daga dazukan Taraba. Yau hoton tauraron ɗan'adam na nuna inda zarto ya bi, kwamfuta kuma ta tantance shi kafin jami'in daji ya tayar da babur. A rubuta a manufar cewa babu lasisi, babu rancen banki, sai kamfani ya kawo wannan hoton na dajin da yake sara da wanda ya dasa. Ka ga dillalin katakon nan, Alhaji, wanda ɗansa ke karanta masa saƙon waya? Mako guda ya ishe shi koyon kwamfuta, har ya riƙa yi maka gyara.