Zuwa Ga Bazazzagin Manchesta, Ɓarawon Senti Uku

Bawana! Kuɗin sharar bana shiru, sai da na kwana a ɗakinka a Manchesta na gane inda suka maƙale. Ashe duk dare, in ka dawo daga aiki, kwamfuta kake buɗewa ka zauna teburin kartar nan ta Amurkawa, poka, samfurin Texas Hold'em, inda zubin dole bai wuce senti ɗaya da senti biyu ba. Mutumin da ko akuya ta yi masa kallon banza sai ya sake hanya, shi ne ya zama zaki a intanet!

Kafin ka ce Bakano bai san komai ba sai awo da mudu, na fahimci dabararka sarai. Mutanen teburin matsorata ne, ba sa shiga wasa sai da karta mai kyau, ita kuwa ba ta zuwa kullum: as biyu sau ɗaya suke faɗo wa mutum a rabo 221. Saboda haka kai sai ka jira layi ya zagayo ka zama na kusa da ƙarshe, kowa ya janye, ka tura senti shida da duk tarkacen da ke hannunka don ka kwashe senti ukun da ke ƙasa. In sun tsere sau biyu cikin uku, ka mai da uwar kuɗi; abin da ya haura haka riba ne. Ko wani ya biyo ka, in ba tagwaye ya riƙe ba, katunan nan uku da ake fara buɗewa sukan kuskure masa kusan sau biyu cikin uku, ka ƙara burga ya watse. Lissafin daidai ne, na yarda. Kuma in ba a kai ga buɗe katin tsakiya ba, masu gidan ba sa cire la'adarsu.

Inda Zazzaganci ya shigo shi ne ka san shiga, ba ka san fita ba.

Ina kwance a kujera, ƙarfe biyun dare, shayinka ya huce har ya yi fata a sama. Aka ba ka tara da shida, ba ma iri ɗaya ba. Ka tura, suka gudu, ka daki cinya ka ce, "Ka gani ko, ɗan Kano? Ilimi ke nan!" Sau biyar kana yin haka, senti goma sha biyar cif, kana ta hura hanci kamar ka sayi layi guda a Kantin Kwari. Can sai wani bawan Allah mai hoton kyanwa, wanda tun da na fara kallo bai taɓa motsi ba, ya ninka zubinka sau uku. Ko ni da ban san kan wasan ba na ce maka, "Malam, mai gida ya farka, ajiye kayan mutane." Ka ce ai burga yake yi. Mutumin da ya yi kusan awa guda yana zubar da karta, yau rana tsaka zai koyi burga a kanka? Ka bi shi, aka buɗe, tara ta fito, wannan karon ma kana riƙe da tara, ka ga ka yi tagwaye, sai ka tattara dala biyun da ke gabanka ka tura gaba ɗaya. Ya juyo as biyu. Rana dubu ta ɓarawo.

To zo mu yi lissafi irin na kasuwa. Dala biyu senti 200 ne. A senti uku-uku, sai ka yi sata 67 ba a kama ka ko sau ɗaya ba kafin ka dawo inda ka tashi. Ko mai tallan gyaɗa a Ƙofar Wambai ba zai karɓi wannan ciniki ba.

Na san amsarka, don ka riga ka cika min kunne da ita. Doyle Brunson ya ci gasar duniya a Las Vegas a 1976 da 1977, duk biyun da goma da biyu a hannu. Chris Moneymaker kuma, akanta ne kawai daga jihar Tennessee, ya samu gurbi ta PokerStars ya tafi da dala miliyan 2.5 a 2003, har da shahararriyar burgar da ya yi wa Sam Farha. Duk gaskiya ne. Sai dai Brunson mutum ɗaya ya rage a gabansa, inda kusan kowace karta abar shiga ce, kai kuwa kyanwa ka tasa da faɗa a kan kuɗin da ba zai sayi ashana a Ingila ba.

Batun hukuncin caca ba zan koya wa ɗan birnin malamai ba, ka fi ni sanin ayar. Ka dai gode wa Allah Hisbar Kano ba ta da reshe a Manchesta. Amma lambar Inna tana wayata, kuma hoton da na ɗauke ka, baki buɗe kana kallon as biyun nan, ya fito tas. Ina jiran kuɗin sharata kafin Juma'a, fam-fam nake so, kada ka turo min senti.