Yadda Za Ka Tsira a Makonka na Farko a Tokyo

Ɗan'uwa da ka samu gurbin karatu a Japan, batun biza da rigar sanyi kowa zai gaya maka. Ni abin da ba wanda ya gaya mana zan faɗa, don kada ka sha irin wahalar da muka sha.

Na farko, kada ka yi wa kowa alƙawarin haɗuwa "a Shinjuku" ka yi shiru. Tashar jirgin nan ƙofofinta sun haura 200, mutum sama da miliyan 3 ke ratsa ta kullum. Ka faɗi ƙofar, ka faɗi shagon da za ka tsaya a gabansa. In ka rikice, hau layin Yamanote, zagaye yake yi, cikin kamar awa guda zai dawo da kai inda ka baro.

Na biyu, a cikin jirgi ba a amsa waya. Tarago cike maƙil, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma ba sallama, ba "ina gajiya". Mama za ta kira daga gida, kana ganin sunanta a fuskar waya, dole ka katse ka tura mata saƙo. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau.

Na uku, shara. Wallahi a nan ne za ka gane ka baro gida. Garin tsaf yake kamar an lashe shi, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kwandon shara ba. Bayan harin iskar guba ta sarin da 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa ranar 20 ga Maris 1995 aka kwashe da yawansu daga tashoshi. To sai ka ci ayaba da safe, ɓawonta ya wuni a jakarka, ya shiga aji tare da kai, ya dawo gida da yamma ya yi baƙi ya jiƙa maka littafi. Ka iso gida kuma ba a gama ba. Akwai sharar da ake ƙonawa, akwai wadda ba a ƙonawa, gwangwani daban, kwalba daban, kowace da ranarta a kalandar da ofishin gunduma zai ba ka. Robar ruwa guda ɗaya sai ka cire murfinta, ka ɓare takardar jikinta, ka ɗauraye ta, sannan ta cancanci fita. A yawancin unguwanni da sassafe ake fitarwa, kafin ƙarfe takwas. Ka haɗa abin da bai kamata ba, masu kwasa su manna wa ledarka takardar gargaɗi su bar ta a wurin, duk maƙwabta na wucewa suna kallo. Ka makara ranar ƙonawa, ƙashin kifi ya kwana maka a ɗakin da da ƙyar shimfiɗa da sallaya ke shiga tare. Wane irin abu ne wannan, jama'a?

Na huɗu, abinci. Romon taliyar ramen galibi da ƙashin alade ake dafa shi, mirin da suke zubawa a miya kuma akwai giya a ciki. Je ka Shin-Okubo, akwai shagunan halal. Amma robar da aka zuba maka abincin, ita ma sai an wanke ta kafin a zubar, ka ga mun koma kan shara.

Na manta ko na nawa muke. Ka yi rajistar adireshinka a ofishin gunduma cikin kwana 14. Juma'a ka nufi masallacin Tokyo Camii kusa da tashar Yoyogi-Uehara, a can za ka yi sallama a amsa maka da murya. Kuma kada ka sayi katifa ba shiri, domin ranar da za ka rabu da ita sai ka kira an ba ka rana, ka je kanti ka sayi takardar biyan kuɗi ka manna mata, sannan a yarda a ɗauke ta.