Kwamfutar da Ba Ta Neman Izini

Mai kwamfutocin Linux huɗu a gida ya gaji da bin su ɗaya bayan ɗaya yana buga apt upgrade ko makamancinsa, kamar mai yi wa yara wankan Sallah. Sai ya girka wa masu Debian da Ubuntu unattended-upgrades. Ta Fedora kuwa ba ta jin yaren apt, dole ya nemo mata dnf-automatic. Aikin minti goma a mako, ya cinye masa Asabar da Lahadi.

Don burgewa, har ya ba su izinin kashe kansu su tashi ƙarfe 2 na dare idan sabuntawar ta buƙaci haka. Daidai lokacin da uwargida ke rubuta babi na uku na digirinta ke nan. Yanzu a falo yake kwana.