Masu Maganin Silo

Baffana na da wata jar Golf GTI ƙirar 1985, 'yar Kwatano, wadda ya saya da kuɗin auduga tun zamanin da manomin Funtua ke sayar da kaɗa ya sayi mota, har ya rage na ƙarin aure. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta shiga gona, ba ta san hanyar kasuwar Dandume ba. Ranar Juma'a a wanke ta, ta je masallaci, in zumunci ya kira ta bi ta Bakori ta miƙe Malumfashi. Bana da hunturu ya kama sai silonta ya lalace. Silo dai shi ne numfashin inji idan mota na tsaye ba a taka totur ba, kuma nata ya kamata ya kwanta wajen juyi 900 a minti. Sai ta koma kamar tsoho mai minshari, ta ja ta sake, ta ja ta sake, da an taka birki a mararraba ta mutu murus. Ni aka ɗora wa yawon gareji, na kuwa ga bayin Allah kala-kala.

Wanda na fara haɗuwa da shi mai sukudireba ne, a aljihun gaba yake soke ta kamar alƙalamin akawu. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga bonet, ya murɗa sukurun silo har inji ya kama kururuwa wajen 1,500, ya goge hannu a wando. "Ai ga shi ta daina mutuwa, Alhaji." Bai yi ƙarya ba. Mai zazzaɓi ma in ka sa shi gudu ba za ka ga rawar sanyinsa ba. Sai dai tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, motar da ke shan fetur a tsaye ta fi baƙon da ya zo kwana uku ya share wata.

Daga nan aka nuna mini tsohon hannu, wanda ya koyi aiki a kan Fijo 504 haɗin Kaduna, ya tsufa a kanta. A wurinsa injekta bidi'a ce. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce, "Yaro, gaya wa babanka a cire wannan tarkacen in sa masa kafireto, ya huta, mu ma mu huta." Ina ganin girman irin waɗannan dattawa, domin mutum ne da zai warware kafireto a kan buhu, ya kurɓi fetur ya fesa da baki, ya mayar da komai ba tare da ko ƙusa ɗaya ta saura ba. Amma abin da ke cikin motar nan tsarin Bosch ne mai suna K-Jetronic, kuma aikinsa irin na mai awo ne a kasuwar hatsi. Iskar da inji ya zuƙa takan ɗaga wani faifai mai kama da murfin gwangwani, faifan ya tura wata 'yar sanda a cikin abin raba fetur, iya iska iya mai, ba ƙari ba ragi. A tumɓuke wannan a sa kafireto daidai yake da ka sayar da ingarma ka sayi jaki don kawai ka fi sanin abincin jaki.

Kishiyarsa kuwa ɗan kwamfuta ne, ɗamammen wando, na'ura a jaka, malaminsa YouTube. Tun kafin ya taɓa motar ya yanke hukunci: "Biren bokis ne." Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, yana laluben inda zai jona na'urarsa har wajen rabin awa. Wannan soket ɗin sai a 1996 Amurka ta wajabta shi, motar ta girme shi da shekara 11. Da na ce masa ai wannan ba ta da kwamfutar da ke raba mai, sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "To shi ya sa." Ya kuma karɓi kuɗin dubawa.

Akwai mai cire-cire, wanda duk abin da bai gane ba na ƙasar sanyi ne. Tamostat? A jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Ban sani ba ko ya taɓa fitowa sallar asuba a Funtua cikin watan Janairu. Akwai kuma mai shagon kayan gyara, wanda cutar motarka kullum takan dace da abin da ke kan kantarsa. Ranar Litinin fulogi ne, ranar Laraba famfon mai ne "na Beljiyam, jiya ya zo daga Ƙofar Ruwa," nozul kuwa sai an aika Panteka. Na saya, na ƙara saya, mota na nan da minsharinta, sai dai yanzu da sababbin fulogai take yi.

Amma waɗanda suka fi ba ni nishaɗi su ne 'yan benci. Kowane gareji na da su, ba su da mota, ba su da sifana, sai fatawa. Shugabansu tsohon direban babbar mota ne da ya yi jigilar auduga zuwa kudu, kuma a ganinsa laifin duniya duk na 'yan bumburutu ne: man yanzu ruwa ne, na da kuwa har ƙamshi yake. Na gefensa ya girgiza kai, ya rage murya. Jar mota, ga ƙyalli, kullum a ƙofar masallaci, me ake tsammani in ba kambun baka ba? Wannan fatawar ita ce ta shiga kunnen Baffa, washegari na tarar da laya tana lilo a jikin madubi.

Shi ma Baffan, Allah ya ƙara masa lafiya, irinsa na nan da yawa: mai ɓoye wa likita tarihi. Hannu biyar sun shiga injin nan, amma duk bakaniken da ya tambaya amsa ɗaya ce, "Ba wanda ya taɓa ta, jiya ma lafiya ƙalau." Motar ma ta ɗauki halin yaron da aka kai asibiti, da ta ga bakanike sai ta nutsu, mu fita titi ta mutu a gaban masu lemo.

A Malumfashi abin ya ƙare, ranar da ta mace mana kusa da tasha muka tura ta gareji mafi kusa. Oga na can yana lissafa wa Baffa abubuwan da za a sayo, sai wani ɗan koyo, baƙi wuluk da baƙin mai, wanda bai fi shekara goma sha huɗu ba, ya kara kunne a jikin inji. Ya bi wata 'yar ƙara, tsss, har zuwa robar da ta haɗa ma'aunin iska da totur. Ya zura yatsa ta ƙarƙashi ya danne. Nan take inji ya kwanta. Ya ɗaga yatsa, minshari ya dawo. Shekara kusan arba'in na zafi da ƙurar hunturu sun tsaga robar, iska na shiga ta bayan mai awo ba a auna ta ba, mai ya yi wa inji kaɗan.

"Oga, nan ne take shan iska," in ji shi.

"Abin da nake shirin dubawa ke nan," in ji oga. "Kai, je ka sayo wa Alhaji ruwa."

Aka naɗe wurin da robar tsohon tif kafin a samo sabuwa, aka mayar da sukurun silo inda mai sukudireba ya same shi. Baffa ya biya oga, ya yi masa addu'a doguwa, ya miƙa wa yaron naira 200, ya ce ya mai da hankali ya koyi aiki. Muna wuce Bakori, allura na zaune daram a kan 900 duk inda muka tsaya, sai ya kai hannu ya shafa layar ya ce, "Ka ga malamin nan, aikinsa ba ya saurin ci, amma yana ci."