Gahawa a Shagon Kawu

Duk wanda ya ce maka ciniki shi ne tara jama'a, ka tambaye shi ko ya taɓa tsayawa bayan teburin ruwan zafi a goman ƙarshe na azumi. Ni na tsaya, a cikin shagon kawuna da ke Gaya, a azumin 2023. Jama'a kam na tara su, har sai da mai shagon ya rasa inda zai sa ƙafa.

Dabarar daga birni na ɗauko ta. Lokacin da nake zaman jiran aiki a Kano, nakan shiga katafaren kantin nan na Ado Bayero in sha sanyi kyauta, in ga mutane sun yi sayayya sun zauna a cikin ginin suna ci suna sha, sun huta sun koma sun ƙara saye. Na ce ashe sirrin ke nan. Shi kuwa Kawu yana da shagon yadi: shadda, atamfa, leshi, huluna da takalman yara, duk daga Kantin Kwari yake saro su, ga kuma teloli a rumfar ƙofar shagon. Na same shi bayan sallar asham na zayyana masa yadda za mu ware lungu ɗaya a cikin shagon mu riƙa sayar da gahawa, mai saye ya kurɓa, ransa ya yi sanyi, hannunsa ya saki.

Kawu ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Ɗan nan, maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama har Kano ta kafu. Yau kuma kai ne za ka ɗauko mana wayo daga can?" Amma a daidai lokacin babban telansa yana gyangyaɗi a kan keke, ɗinkin mutane jibge a gabansa. Kawu ya tambaya ko gaskiya ne abin yana hana barci. Na ce ƙwarai. Ya ce to in kawo teburin.

Shayi bai shiga lissafina ba, domin a tsallaken titi akwai wani dattijon mai shayi da ya girme ni a sana'ar tun ban san hannuna na dama ba. Na sauka kasuwar Singa na sayo gwangwanayen Nescafé, garin madara, sukari da kofuna, na aro kurfoti da babbar buta a gida. Na kuma haddace jawabi: cewa asalin gahawa daga ƙasar Habasha take, kuma ko a nan Najeriya ana noma ta a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Har aka yi sallah babu mahalukin da ya tambaye ni.

Sana'ar ba ta da rana, sai dare. Na so in yi wayo in ɗora ruwa tun la'asar, in haɗa kofi ɗaya don ƙamshi ya kira mutane. Ƙamshin ya kira wata tsohuwa da ke taya atamfa, ta juyo ta ce, "Kai yaro, ba ka azumi ne? Ɗan gidan wane ne kai?" Kawu ya yi kamar bai san ni ba.

Wanda ya fara saye wani dattijo ne daga Ajingi, ɗansa ya goyo shi a babur don sayen kayan sallar jikoki. Na haɗa masa baƙa, yadda na ga 'yan birni suna sha. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaya cikin natsuwa, "Wannan na shawara ne ko na basir?" Na ce Baba abin sha ne. Ya miƙo kofin ya ce in sa sukari. Na sa. "Ƙara." Na ƙara. "Ɗan nan, na gidanku ne? Zuba mana." Sai da cokali ya kusa tsayawa da kansa a kofin sannan ya shanye, ya biya naira 200, ya tafi da sukarin da ya fi kuɗinsa.

Washegari sai ga shi, ido jajir. Ya ce ya ƙirga azarar ɗakinsa daga gabas zuwa yamma, ya sake ƙirgowa daga yamma zuwa gabas, ya tashi iyalinsa sahur tun dare bai raba ba, uwargida ta ce idan ya ƙara shan abin nan ya kwana a zaure. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, sai ya ce a zuba masa biyu. Ashe a ranar ne ya fara kai ƙarshen sallar tahajjud a tsaye. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai Ajingi cewa a Gaya akwai yaron da ke sayar da maganin tahajjud, aka fara yi mini aike da filas.

A nan ya kamata in yi kuɗi. Sai dai shekarar ce ta canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin an kwashe. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekara, amma hukunci daban, kuɗi a aljihu daban. Mutum zai shanye kofinsa tas, sannan ya zaro waya ya ce, "Ba ni lambar asusunka." Ya danna, ya nuna mini fuskar wayar, ya ce ya tura. Ni kuwa tawa shiru. Ya ce sabis ne, bari mu ɗan jira. To ai ba a jira da baki a bushe, sai ya ce in ƙara masa rabin kofi kafin alat ya shigo. Wasu alat ɗin har yau suna kan hanya. Masu tsoron Allah kuma suka koma biya da abin da suke da shi: wannan ya kawo mangwaro, wancan kwanon gero, wani ya ajiye mini budurwar kaza da ta kwana a ƙarƙashin teburin tana tsattsagar sukari. Littafin da na saya don rubuta riba ya koma na bashi, kuma yawancin sunayen ciki "mai jan babur" ne da "abokin tela".

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce dabarata ta yi aiki. Mutane sun zauna.

Ba a fi wata guda da zaɓen gwamna na 18 ga Maris ba, wanda Abba Kabir Yusuf ya kayar da Nasiru Gawuna, kuma kowa yana da sauran magana a cikinsa. Da can a teburin mai shayi ake amayar da ita, a waje, inda iska ke kwashewa. Yanzu ga wuri mai fitila, ga fanka idan akwai wuta, ga dilolin atamfa masu laushin zama. Masu jar hula suka kama ɓangaren leshi, 'yan ɗaya ɓangaren suka jingina da takalman yara, ni ina tsakiya da buta. Gahawa kuma ba ta barin mutum ya gaji da musu. Wanda a da ƙarfe goma yake hamma ya ce sai da safe, yanzu ƙarfe ɗaya na dare yana tsaye yana kawo sakamakon akwatin mazaɓarsu da ka.

Su wa ke sayen atamfa da leshi da mayafi a daren goman ƙarshe? Mata. Mace za ta zo da 'ya'yanta da kuɗin adashinta a ƙulle, ta leƙo, ta ga majalisar maza ta cika shago, wani ma ya miƙe ƙafa a kan zanen da ta zo dubawa. Sai ta gyara lulluɓi ta wuce shagon gaba. Mai shagon gaban ya zama babban masoyina. Kullum sai ya zo ya sayi kofi, da tsabar kuɗi kuwa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, kada ka bari kowa ya karya maka gwiwa."

Telolin kuwa barci ya bar su, amma hannu ya ɗauki rawa. Ƙaraminsu ya ɗinka wa wani yaro riga mai kyau wadda kai ba ya shiga wuyanta. Wani ya jera aljihu biyu a gefe ɗaya, ya tsaya yana rantsuwa wai sabon yayi ne daga Kano.

Wani dare dattijon mai shayin ya tsallako, hannu a baya, ya zagaya teburina. Bai yi fushi ba, don cinikinsa na biredi da ƙwai bai ragu ba, masu bashinsa ne kawai suka ƙaura wurina. Ya ce, "Yaro, ka san abin da ya sa bencina ba shi da majingina?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka yi tunani." Ya kalli butata, ya kalli farar shaddar da ke rataye a samanta, ya girgiza kai ya koma.

Ranar Alhamis 20 ga Afrilu azumi ya kai 29. Teloli da masu shaguna duk sun ɗora lissafinsu a kan talatin, kowa yana cewa ai akwai gobe. Bayan isha'i sai sanarwar Sarkin Musulmi ta fito a rediyo: an ga wata, gobe Juma'a sallah. Babban tela ya ɗora hannu a ka. Kafin ka ce kwabo gari ya rikice. Babura daga Ajingi da ƙauyukan kewaye suna ta sauke mutane, mai neman hula, mai neman takalmin yaro ƙafa ɗaya ya yi kaɗan, mai zagin tela, mai aunar hatsin zakkar fid-da-kai a bakin titi. A daren kam har matan suka kutsa shagon Kawu, don ko'ina ya cika. Aka ɗauke wuta. Zafin Afrilu ga hayaƙin janareta ga kurfotina. Don in rage wa kaina aiki, na haɗa gahawar gaba ɗaya a babbar buta, da madararta da sukarinta, irin haɗin Baba na Ajingi, tunda shi kasuwa ta karɓa.

Wata Hajiya ta sa aka sauko mata da farar shadda, mai tsadar, yadi biyar, za ta kai wa surukinta. Kawu da kansa ya warware ta, yana karkaɗa ta a gaban fitila don ta ga sheƙi. Jikan Hajiyar kuma ya hango kazata a ƙarƙashin tebur. Ya kai mata cafka, ta yi sama, ya riƙe ƙafar teburin don kada ya faɗi.

Butar ba ta ƙona kowa ba, alhamdu lillahi. Shaddar ce ta tare ta duka.

Shagon ya yi tsit, har masu musun siyasa. Hajiya ta ja hannun jikanta ta ce bari ta duba gaba. Kawu ya yi salati, ya naɗe shaddar a hankali tana ɗiga, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ɗan nan, barka da sallah. Ka sayi shadda. Ladanka na wata ya biya rabi, sauran na rubuta a littafin nan naka."

Babban tela, wanda a lokacin kofi na nawa ne a cikinsa Allah kaɗai ya sani, shi ya kawo shawara. Ya ce tabo ba ya zama tabo sai idan akwai fari a gefensa. Muka samo baho, muka juye duk sauran gwangwanayen da ruwan zafi, muka tsoma yadi biyar ɗin gaba ɗaya muka dama kamar masu marina. Aka matse, aka bi ta da dutsen guga na gawayi har ta bushe, ya yanka, ya ɗinka mini riga da wando kafin kiran assalatu. Kuma abin mamaki, wuyan ya shiga.

Launin da ta bayar ban taɓa ganin irinsa a Kwari ba, wani ƙasa-ƙasa mai duhun zuma, ga sheƙi. A hanyar filin idi sai kallona ake yi, ni kuwa ina tafe ina buɗa kafaɗa. Da rana ta ɗaga aka jera sahu, gumi ya fara aikinsa. Ƙamshin gahawa da madara ya tashi daga jikina, na kusa da ni suna ta shaƙa suna waige. Sannan ƙudaje suka iso, bayansu ƙudan zuma guda biyu da suka raka ni tun daga raka'ar farko har ƙarshen huɗuba. Ban taɓa yin sallah da natsuwa irin ta ranar ba, don ko gira ban isa in motsa ba. Da na koma gida na tuɓe, singiletina da fatar jikina duk sun ɗauki launin.

Kashegari ina shagon ina tattara kofuna, rigar tana jikina don ba ni da wata, sai ga Baba na Ajingi ya zo yi wa Kawu barka da sallah. Ya tarar babu tebur, ya yi jimami sosai. Sannan ya kama hannun rigata ya murza, ya kai hanci, ya murza kuma. Ya ce, "Alhaji, wannan launin fa? Yadi goma nake so, ni da babban ɗana."

Kawu ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ya ƙare, Baba. Daga waje ake kawo shi, sai an yi oda." Ya juyo ya dube ni. "Kai, nawa ka ce gwangwanin nan yake a Singa?"