Bakatsine a bakin Nilu

Bawana Bakatsine, labari ya iso ni har Argungu cewa kana tara yara a Ƙofar Soro kana ba su tarihin yadda ka kwana a tsibirin Tuti, ruwa gabas ruwa yamma, ko gezau ba ka yi ba. To shaidu ba su ƙare ba, ga ubangidanka Bakabe da ransa.

Wurin kam ba ka yi ƙarya ba. Tuti na zaune daidai Mugran, inda Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tafkin Tana na Habasha ke haɗuwa da Farin Nilu, kana ganin launin kowanne daban kafin su gauraya. Khartoum na kudu, Omdurman na yamma, Bahri na ɗaya tsallaken, a tsakiya kuwa gonakin lemo da ganyaye da rairayi mai laushi. A lokacin, ran Juma'a mutanen gari kan fito rihla, wato yawon shan iska, da iyalansu, da tabarmi da gawayi da tukunyar ful, mata masu shayi suna jera kujeru har bakin ruwa, ƙamshin gahawar jabana da citta na tashi.

Abin da ka ɓoye wa yara shi ne yadda ka isa can. Allah Ya so ka an gama gadar Tuti a 2008, da zamanin jirgin fito ne, da har yau kana tsaye a gaɓa kana neman wanda zai yi maka istihara. A kan gadar ma idonka a rufe, hannunka a wuyan rigata. Da muka shimfiɗa tabarma, kai sai ka ja taka can gindin lemo, ka ce wai inuwa kake so. Bayan magariba, bawan Allah!

Sai nimitti suka taso, ƙwarin nan da ke yi wa fitila dafifi a bakin Nilu. Ko cizo ba sa yi, amma ka naɗe fuska da rawani kamar dogarin da aka aika kamun ɓarawo. Da wani yaro ya faɗa ruwa wanka kuwa, kai ka fara salati kana kiran kada. Mahas mutanen tsibirin, waɗanda kakanninsu suka tsaya wa ambaliyar 1946 da buhunan ƙasa da ƙirjinsu har ruwa ya janye, suka yi ta tambayata ko baƙon nawa ba shi da lafiya. Na ce lafiya lau, daga ƙasar da rijiya ce babban kogi ya fito. An ce kunya gare ku, ban da tsoro. Daren nan ban ga kunyar ba.

Wuri ɗaya ka yi jarumta, in faɗi gaskiya: kasuwar kifi ta Maurada a Omdurman, da gari ya waye. Gargazar da suke kira bulti, soyayyiya da lemun tsami da barkono, ka tashi da rabonka da nawa, ƙaya ta maƙale maka, sai da Bakabe ya koya maka cin kifi.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya watsa masu shayin nan da masu jiragen, ya tsare mutanen Tuti a tsibirinsu cikin wahala. Allah Ya mayar musu da zaman lafiya, su koma rihlarsu.

Kai kuwa ba sai ka jira Sudan ba. Tun 1934 muke bikin kamun kifi, kogin Matan Fada na nan. Ka zo bana, zan ɗaura maka gora biyu, ɗaya a ciki ɗaya a baya, in sa jikokina su riƙe ka a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ka taho da kuɗin sharata na bara, ban yafe ba.